Kura Mai Ɗingishi

Abin ya fashe ne wata ranar Talata da hantsi, kuma kamar yadda aka saba, wadda abin ya shafa ita ce ta ƙarshen ji. Kafin azahar hotunan sun gama zaga wayoyin unguwa, sun bi ta teburin mai shayi, sun shiga cikin gidaje. Hotunan wata hira ce da aka yi a Ganuwa, wasan wayar nan da ya kama matasan Daura har da waɗanda suka wuce shekarun wasa. Kowa yana da ɗan mutum-mutuminsa a ciki, a haɗu a tsare gari daga mahara, idan an gaji a zauna a kasuwar wasan ana hira, har auren wasa ake ɗaurawa. A cikin hotunan, wani mai kiran kansa Kura ne yake zuba maganganun da ko miji zai ji nauyin faɗa wa matarsa. Wannan bai dami kowa ba. Abin da ya tayar da unguwa shi ne sunan da yake amsa masa, wato Maiturare.

Maiturare kuwa ɗaya ce a unguwar. Murjanatu ce, bazawara mai haɗa humra da turaren wuta, wadda take bi gida-gida da jakarta tana gyaran amare da masu jego. Duk abincinta a bayan ƙofofin mutane yake, ita da tsohuwarta da take riƙo. Idan masu gida suka ce kada ta ƙara shigowa, to tata ta ƙare. Kafin la'asar har an fara aiko mata yara cewa ta ɗan dakata tukuna.

Amsoshin da aka gani ba su taka kara sun karya ba. A wani wuri an rubuta, "To maigida, me za a dafa maka yau?" A wani kuma, "Kai dai ba ka da kunya," da 'yar alamar dariya. Amma bazawara ce, kuma mutane sun riga sun gama hukunci tun kafin su kai ƙarshen hoton.

Mai unguwa Amadu ya aika a kira masa Kabo.

Kabo a da mai bin sawu ne. Idan aka kore shanu a Mashi ko a ƙauyukan Mai'adua, shi ake ɗaukowa a babur, ya duƙa ya karanta ƙasa har bakin iyaka. Daga baya gwiwa ta ƙi, ɓarayin ma suka koma loda shanu a mota, sai ya dawo gida ya zauna yana damun iyalinsa da mita. 'Yarsa ce ta saka masa wasan a waya don su huta. Da 'yan wasan Daura suka ga furfura a cikinsu, sai suka naɗa shi admin, wato mai gadin wasan, suka ce ai aikin ba wuya, sa ido ne kawai. Ƙarya suka yi masa. Kullum sai ya karanta ƙazantar da 'ya'yan mutanen kirki suke tura wa mata, ya kori wannan, ya yi wa wancan kashedi, gobe wanda ya kora ya dawo da sabon suna. Mutumin da ka gani a sahun gaba da asuba, shi za ka tarar da hantsi yana tambayar matar da bai sani ba launin zaninta. Kabo ya gaji da mutane gajiyar da bai taɓa yi da ɓarayin shanu ba.

"Kai ne mai gadin wannan shiririta, ko?" in ji mai unguwa.

"Haka suka ce, ranka ya daɗe."

"To ka nemo mini kan zancen kafin Juma'a. In ba haka ba Hisba zan miƙa, ni ba zan iya da surutun mutane ba."

A gefe Yazid yana zaune, ɗan kasuwa mai sayar da takin zamani, mutum mai son a ji muryarsa a taro. Ya gyara zama ya ce, "Ni dai na riga na yanke nawa. Murjanatu ba ta ƙara taka mini gida. Wasan nan ko kallonsa ba na yi, iyalina ma tun farko na hana ta. Ga irinta nan."

Kabo ya kawar da kai. Ya dafa sandarsa ya miƙe.

*

Ya sami Murjanatu a tsakar gida ta tasa kaskon turare a gaba, garwashin ya mutu ba ta ma lura ba. Tsohuwarta tana ɗaki tana jan carbi da ƙarfi yadda baƙo zai ji.

"Murja, ke kika rubuta?"

"Wallahi Baba ban rubuta ba."

"Amma sunanki ne, akawun ɗinki ne."

"Nawa ne."

"To wa ya shiga?"

Ta ɗauki tsinke tana tona tokar kaskon. Can ta ce ita dai wata rana ta buɗe wasan ta tarar da saƙonnin Kura jibge, ta toshe shi. Ya biyo ta da wani sunan yana magiya, ta ƙara toshewa. Sai ya rubuto cewa za ta gani. Ga shi kuwa ta gani.

"Me ya hana ki kawo mini ƙara tun lokacin? Kin san ba na ganin saƙon sirri sai an kawo ƙara. Da tuni na kore shi."

"Da na kawo, da ka karanta hirar duka."

"To sai me, tunda ba ke ba ce?"

Ta koma tona tokar kaskon. Kabo ya daɗe yana kallonta. Ya sha ganin irin wannan shirun a rugage, lokacin da makiyayi ya san wanda ya buɗe garke amma ɗan uwa ne. Bai matsa mata ba, don ya san matsi ba ya buɗe irin wannan bakin. Ya yi wa tsohuwa sallama ta bayan labule ya fita.

*

Wanda kowa ya fara nunawa da baki shi ne Sadiq mai faci, don Kabo ya taɓa korarsa daga wasan a kan tura wa matar wani malamin makaranta saƙon da bai dace ba. Ya same shi a bakin titi yana cusa tayar babur cikin bahon ruwa yana neman inda take tsiyaya.

"Baba, don Allah kada ka fara," in ji Sadiq tun kafin a gaisa. "Tun safe kowa ya wuce sai ya harare ni. Ni na yi nawa an kama ni, na ci kunyata, na tuba."

"Ka tuba, ko ka sauya suna?"

Sadiq ya sosa ƙeya. "Na sauya suna. Amma ba ni ne Kura ba, na rantse da abin da zai kashe ni."

"Buɗe ka buga in gani."

Ya goge hannu a wando ya buga. Kabo ya leƙa ta kafaɗarsa. Yaron yana wasa ne kamar yadda yake tuƙa babur, kai-tsaye, ba waige, ya afka cikin mahara a kashe shi, ya tashi ya sake afkawa. Kabo bai san me yake nema ba tukuna, ya dai ajiye wannan tafiyar a ransa. Kafin ya tafi ya ce masa sabon sunan ma ya kore shi, Sadiq ya bi shi da "Haba Baba" har kwanar titi.

Washegari zancen ya sauya hanya, kuma hanyar ba ta yi wa Kabo daɗi ba ko kaɗan. Wani ya tuna cewa Murjanatu ta taɓa kai wayarta gyara wurin Chekwube, ɗan Hyginus mai kayan gyaran babura, aka fara cewa da hannunsa a ciki. A Daura aka haifi Chekwube, Hausarsa ta fi ta wasu 'yan gari, amma ranar sai aka tuna shi ba Musulmi ba ne. Mahaifinsa ya rufe shago da rana tsaka, abin da bai taɓa yi ba.

*

Kabo ya shimfiɗa tabarma a inuwar darbejiyar ƙofar gidansa, ya saka tabarau, ya yi abin da ya kamata ya yi tun farko. Wasan yana ajiye wa admin maimaicin duk zirga-zirgar da aka yi a fili. Maganar sirri ba ya gani, amma tafiya yana gani. Ya daina karanta abin da mutane suka ce, ya koma kallon yadda suke takawa.

Ya nemo Kura tun daga ranar da ya fara shigowa, lokacin damina. Bai daɗe yana kallo ba ya gyara zama. Kura yana ɗingishi. Duk inda ya kamata ya karya dama, ba ya iyawa, sai ya yi ɗan zagaye ta hagu sannan ya dawo kan hanya. A ƙofar gari haka, a bakin rijiyar wasan haka, ko da mahara na bin sa haka. Wannan ba dabara ba ce, tilas ce. Kabo ya gwada a tasa wayar, ya danne gefen gilashin da yatsa ɗaya ya yi tuƙi da ɗayan, sai ga nasa mutum-mutumin yana irin zagayen. Ashe gurguntar a jikin waya take. Gefe ɗaya na gilashin ya mutu.

Ya ci gaba da bin sawun. Wajen kaka, rana ɗaya, sai Kura ya warke. Ya koma karya dama yadda ya ga dama, har da tsalle.

Kabo ya ajiye Kura ya ɗauko Maiturare. Tafiyarta ya sani, a natse take, tana bin gefen bango, ba ta shiga tsakiyar faɗa. Haka take har zuwa kaka. Daga nan sai ga wasu ranaku, kullum tsakanin azahar da la'asar, Maiturare tana ɗingishi. Zagaye ta hagu, a dawo kan hanya. Da yamma kuma ta miƙe garau.

Ya buɗe ranar da aka yi hirar. Ga su nan su biyu a kasuwar wasan, Kura yana tafiya lafiya lau, Maiturare tana jan ƙafa. Ya ga sun zauna, ya ga an ɗan jima ta miƙe da sauri za ta gudu, ƙofar tana damanta, sai da ta yi zagayen nan nata kafin ta fita, shi kuma yana biye da ita.

Ya cire tabarau ya murza ido. Gurgunta ba ta tashi daga jikin namiji ta koma jikin mace haka kawai. Ya san abin da magidanta suke yi da tsohuwar waya idan sun sayi sabuwa, shi ma tasa ta da tana hannun matarsa. Ya fara hango inda sawun zai shiga, kuma cikin gida ne.

*

Chekwube ya buɗe masa ta ƙofar bayan shagon. Idanunsa sun yi ja.

"Baba, ka san ni tun ina tallan ruwa. Ni zan yi wa Anti Murja haka? Babana har ya fara cewa in tafi Onitsha wurin ƙanensa. Me zan je in yi a can? Ko hanya ban sani ba."

"Zauna, ba kama ka na zo yi ba. Tambaya ce. A cikin damina ko farkon kaka, wa ya kawo maka waya wadda gefen gilashinta ya daina jin taɓi? Bai fashe ba, ya dai mutu."

Chekwube ya ɗan yi tunani. "Masu fashewa suna da yawa. Wadda ta mutu ba fashewa... ta Malam Yazid ce. Ruwa ya shige ta a babur. Na ce masa sai an aiko da gilashin daga Kano."

"Ka gyara?"

"A'a. Cewa ya yi in bar shi, zai sayi sabuwa, wannan ya ba Madam, ai ita kira kawai take amsawa."

Kabo ya jingina da bango. Malam Yazid, wanda ko kallon wasan ba ya yi.

"Gobe za a kira ka gaban mai unguwa," ya ce. "Ka faɗi wanda ya kawo wayar, ka faɗi ciwonta. Daga nan ka tsaya. Zancen Madam kada ya fito daga bakinka ko an tambaye ka sunan babanka."

Chekwube ya dube shi, ya gane. Yaro ne mai kai. Ya ce, "Na ji, Baba."

*

Da ya koma wurin Murjanatu bai yi kwana-kwana ba.

"Zulfa ce, matar Yazid."

Ta zauna a kan turmi kamar an tura ta. Sai ga hawaye, na farko da ya gani a idonta tun da aka fara.

"Baba, ba ka san zaman da matan nan suke yi ba. Daga ɗaki sai madafi. Ni nake shiga, ni nake gani. Idan na je suna kallona ina bugawa, su ce Murja ɗan ba ni in taɓa. Zulfa ta fi kowa so. Mijinta ya hana ta buɗe nata, sai na ba ta lambar sirrina, na ce idan ta gama aikin rana ta riƙa shiga da sunana. Me ta yi? Wani ya ce zo mu yi auren wasa, kowa yana yi, ta amsa masa sau biyu tana dariya. Da ya fara ƙazantarsa ta ce ya bari, ta ce ya ji tsoron Allah, ta gudu. Duk ya yanke wannan, ya bar inda ta yi dariya."

"Kin san waye Kura?"

"Ina zan sani?"

Ya faɗa mata. Ta yi wata 'yar dariya marar daɗi.

"Yana shago, tana ɗaki. Shi yana zaton ni ce." Ta share fuska da gefen mayafi. "Baba, ka tona shi, ya cancanta. Amma kada ka taɓa ta. Ni bazawara ce, an saba faɗa a kaina, zan iya ɗauka. In ta kama in koma ƙauye da turarena sai in koma."

"Da tsohuwar taki? A wane ƙauyen ake sayen humra?"

"Ka dai yi mini alkawari."

"Ba zan ambaci sunanta ba," in ji Kabo. Ta ɗauka alkawarin da ta nema ke nan, shi kuma ya bar ta a haka.

*

Ranar Alhamis bayan la'asar zauren mai unguwa ya cika. Sadiq yana rakuɓe a kusurwa, Chekwube da mahaifinsa suna kusa da ƙofa inda fita za ta yi sauƙi, Yazid yana gaba ya sha babbar riga. Murjanatu tana daga bakin ƙofar cikin gida, ta ja mayafi har goshi.

Kabo bai yi dogon jawabi ba. Ya ce shi bai iya karanta zuciya ba, ƙasa ya iya karantawa, kuma wasan nan ma yana da ƙasa. Ya miƙa wayarsa aka riƙa zagayawa da ita, kowa ya ga Kura na lokacin damina yana zagayensa ta hagu. Ya danne gefen gilashi ya nuna musu yadda ake samun irin wannan tafiya. Ya sa Sadiq ya buga a gaban kowa, aka ga shi ko birki ba shi da shi, har wasu suka yi dariya. Sannan ya ce Chekwube ya faɗi wanda ya kawo masa waya mai wannan ciwon.

Chekwube ya faɗa, ya tsaya daidai inda aka ce ya tsaya.

Yazid ya miƙe yana kumfar baki. Ya ce sharri ne, ya ce an haɗa baki da wanda ba ya salla a ci mutuncinsa. Mai unguwa ya bar shi ya gama, sannan ya ce, "Kawo sabuwar wayar taka, tunda ba ka wasan." Yazid ya ce ba caji. Aka ce ga soket. Ya ce ya manta lambar buɗewa. Daga nan kowa ya gane, shi ma ya gane an gane, ya koma ya zauna a hankali.

Hyginus ya sauke ajiyar zuciya har ana ji daga waje.

Amma wani dattijo ya yi gyaran murya ya ce, "To namijin an same shi, Allah ya shirye shi. Ita fa? Ai ba shi kaɗai ya yi hirar ba. Amsa masa aka yi." Zauren ya ɗauki "Haka ne, haka ne." Kabo ya dubi fuskokinsu ya ga abin da ya yi tsammani. Yazid zai sha kunyar mako ɗaya ya koma sayar da takinsa, ƙofofin kuwa ba za su buɗe wa Murjanatu ba.

Ya waiga wajenta. Ta girgiza masa kai a hankali.

Ya kawar da ido, ya buɗe maimaicin ranar da aka yi hirar, ya miƙa wa mai unguwa.

"Ranka ya daɗe, ga tafiyar Murjanatu ta kullum. Ga kuma ta ranar. A duba."

Aka taru a kan wayar. Sadiq ne ya fara ihu. "Kai! Ita ma tana ɗingishin! Wallahi wayar ce! Tsohuwar wayarsa ce!"

Zauren ya kaure. Nan take mutane suka haɗa zancen da kansu, Kabo bai ƙara ko kalma ba. Ashe mutumin waya biyu ya riƙe, ya shiga da sunanta a tsohuwar, ya rubuta tambaya da dama ya ba kansa amsa da hagu, don ta ƙi kula shi. Wani ya ce ƙazafi ke nan, wani ya ce ai wannan sai kotu.

Yazid ya karɓi wayar. Kabo yana kallonsa lokacin da ya ga ɗan mutum-mutumin nan yana neman ƙofa, yana zagaye ta hagu, Kura yana biye. Mutumin ya san inda tsohuwar wayarsa take kwana. Ya san wadda ya rubuta wa abin da ya rubuta, ya san kuma maganar wa ya watsa wa duk Daura da hannunsa. Hanya biyu ce a gabansa, ko ya ce wayar tana hannun matarsa, ko ya haɗiye. Kabo ya san magidanta, a kan wannan sanin ya jingina komai, kuma bai ji daɗin kansa ba ko kaɗan.

"Yazid, kai muke saurare," in ji mai unguwa.

Muryar da ta fito ba irin tasa ta taro ba ce. "Ni na rubuta. Duka ni na rubuta. Ba ruwanta."

"Lambar sirrinta fa, ina ka samu?"

"Sata na yi."

Mai unguwa ya tambayi Murjanatu ko tana son a kai maganar gaba. Daga bayan mayafi ta ce ta yafe, a bar shi haka. Aka yi ta sa mata albarka, waɗanda suka fi zaginta shekaranjiya su suka fi ɗaga murya. Da za ta fita ta wuce ta gaban Kabo, ba ta dube shi ba.

*

Bayan 'yan kwanaki yana zaune a ƙofar gida da hantsi ya hango ta tafe da jakarta, ta cika har zif ɗin bai rufu ba. Ta durƙusa ta gaishe shi yadda ake gaida manya, ba ragi ba ƙari.

"Aiki ya dawo?" ya tambaya.

"Ya dawo, har ya fi da. Kowa cewa yake dama shi ya san ƙarya ne."

"To alhamdu lillahi."

"Na biya gidan Yazid jiya. Ɗakinta a kulle. Maƙwabta sun ce ya kai ta Baure ganin gida. Da gadonta da kwanukanta aka tafi ganin gidan, Baba." Ta gyara igiyar jakar a kafaɗa. "Bai dake ta ba, bai yi hayaniya ba. Ba wanda ya san dalili, ba kuma wanda zai sani. Na kira lambarta, a kashe."

Kabo ya ce, "Ban ambaci sunanta ba, Murja."

"Ba ka ambata ba."

"Da na yi shiru, da yanzu ke ce a kan hanya, ke da tsohuwa."

"Na sani. Ka wanke ni, kuma na gode, Allah ya saka. Amma ni ka tambaye ni, na ce maka zan iya ɗauka. Ita ba wanda ya tambaye ta."

Ta miƙe ta tsallaka layi zuwa gidan da ke kallon nasa, inda ake shirin biki, ta tsaya a bakin zaure ta yi sallama. Daga ciki mata suka amsa gaba ɗaya, da murna, suna cewa ta shigo, tun ɗazu ita ake jira.